In Tsoro Ya Wuce, Wa Zai Cika Bokitin?

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14



Na'aman babban mutum ne. Shi ne shugaban sojojin Suriya, sarki yana ji da shi, amma kuturta ta kama shi. Wata ƙaramar yarinya da aka kamo daga ƙasar Isra'ila, wadda take yi wa matarsa hidima, ita ce ta ba da labarin annabin da yake Samariya. Na'aman ya tashi da shiri irin na manya: azurfa talanti 10, zinariya shekel 6,000, rigunan ado 10, ga wasiƙar sarki, ga dawakai da karusai. Ya zo ya tsaya a ƙofar gidan Elisha. Annabin ko fitowa bai yi ba. Ya aiki mutum ya gaya masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya juya cikin fushi. Shi a zatonsa annabi zai fito, ya tsaya, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan wurin ciwon, jama'a suna kallo. In ma wanka ne, ai kogunan Dimashƙu sun fi Urdun kyau. Sai barorinsa suka matso suka lallashe shi. Suka nuna masa cewa da wani abu mai wuya aka ce ya yi, da ya yi. To me zai hana shi yin mai sauƙi?

Barorin nan sun san halin ɗan adam. Abu mai wuya yana ba mu girma. Ana yin sa sau ɗaya, mutane su gani, a ba da labari. Abu mai sauƙi kuwa ba ya ƙara wa kowa suna, kuma yakan nemi a maimaita shi. Ka yi tunanin Na'aman a cikin ruwa. Ya nutse sau ɗaya, ya duba fatarsa. Ya nutse na biyu, na uku, sojojinsa suna tsaye a bakin gaɓa suna kallon shugabansu yana yin abin da ko yaro zai iya. Ina ganin nutsewa ta huɗu ta fi kowane yaƙi da ya taɓa yi wuya a gare shi.

Wannan hali bai tsaya a kan Na'aman ba. A shekara ta 1847, a babban asibitin birnin Biyanna na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa mata masu haihuwa suna mutuwa da zazzaɓi a sashen da likitoci suke aiki fiye da sashen ungozomomi. Dalilin kuwa, likitocin sukan fito daga ɗakin binciken gawa su taɓa masu naƙuda ba tare da sun tsabtace hannu sosai ba. Ya sa kowa ya riƙa wanke hannu da ruwan magani kafin ya taɓa majiyyaciya. A watan Afrilu na shekarar, kusan mata 18 cikin 100 suka mutu a sashen. Cikin 'yan watanni adadin ya sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Duk da haka manyan likitoci da yawa suka ƙi maganarsa. Ta yi musu ƙanƙanta, ta kuma taɓa girmansu. Ya mutu a 1865 ba a karɓi koyarwarsa ba.

Yanzu bari mu dawo gida. A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annobar duniya. A cikin watan nan aka sami masu ɗauke da ita na farko a Kamaru, da Gana, da Cadi, da Nijar. A Nijar an rufe makarantu da wuraren ibada, an sa dokar hana fitar dare a Yamai, an killace birnin. Bikin Ista na ranar 12 ga Afrilu, a gida muka yi shi, waɗansu a gaban akwatin rediyo. Maƙwabtanmu Musulmi su ma haka suka shiga azumi. Sai ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe masallatai da majami'u. A duk wannan lokaci, me aka roƙe mu mu yi? Ba a ce mu kawo azurfa da zinariya ba. An ce mu wanke hannu da sabulu, mu rufe baki da hanci, mu daina musafaha, mu ba da tazara, wanda yake tari ko zazzaɓi ya zauna a gida. Kuma akwai dalili a ciki. Ƙwayar cutar tana da wata fata mai maiƙo da take lulluɓe ta. Sabulu yana narkar da maiƙon kamar yadda yake yi wa man da ya maƙale a kwano, sai ƙwayar ta lalace. Shi ya sa aka ce a cuɗa hannu na aƙalla daƙiƙa 20, domin sabulun ya sami lokacin aikinsa.

Waɗansu 'yan'uwa sun yi tambaya a lokacin, kuma tambayar ba ta banza ba ce. Suka ce, mai bi da ya dogara ga Allah, me zai yi da takunkumi? Ashe wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne? Ina so mu duba wata doka da ba a cika yin wa'azi a kanta ba. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci wanda ya gina sabon gida ya ja ɗan gini kewaye da bakin rufin soronsa, don kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ka lura, maigidan ya san rufinsa, ko da dare zai iya tafiya a kai. Ginin ba dominsa ba ne. Domin baƙo ne, da yaro, da tsohon da idonsa ya raunana. Haka takunkumi yake. Babban aikinsa shi ne ya tare abin da yake fitowa daga bakin mai sa shi, tun da yake mutum yana iya ɗauke da cutar yana yaɗa ta alhali shi kansa bai ji komai ba. Saurayi mai ƙarfi da ya ce shi ba ya tsoron mutuwa, wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma ba ransa ake magana ba. Ran gwauruwar da take zaune kusa da shi a benci ake magana, mai hawan jini ko ciwon suga. Ba shi da iko ya gwada bangaskiyarsa da ran wata.

Martin Luther ya fuskanci wannan tambaya a 1527, sa'ad da annoba ta shiga garin Wittenberg a Jamus. An kwashe jami'a zuwa wani gari, an ce shi ma ya tafi, ya ƙi. Ya zauna, matarsa tana da ciki, gidansa ya zama wurin jinyar marasa lafiya. Ba wanda zai ce masa matsoraci. Amma a wasiƙar da ya rubuta kan wannan batu ya gargaɗi masu bi su sha magani, su turara gidajensu, su guji wuraren da ba a bukatarsu don kada su ɗauko cuta su kai wa wasu, in kuwa maƙwabci yana bukatarsu su je wurinsa ba tare da ja da baya ba. Ya ɗauki ƙin yin rigakafi a matsayin gwada Allah.

To, wannan tambaya tana da amsa. Akwai wata da ta fi ta nauyi, ita ce dalilin wannan rubutu. A watannin nan, kusan kowace majami'a ta ajiye bokiti mai famfo a bakin ƙofa. A Gana ana kiransa da sunan Veronica Bekoe, masaniyar kimiyya da ta ƙirƙiro shi shekaru da yawa kafin korona. Akwai wani matashi a tsaye yana zuba wa mutane sabulu. Yau ina bokitin majami'arku? A wurare da dama famfon ya karye, bokitin yana bayan ɗakin ajiya, ko kuwa an mai da shi na jiƙa wanki. Ba wanda ya yanke shawara a daina. An dai daina.

Za ka ce ai cutar ta wuce. Gaskiya ne cewa a ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci a kanta. Gaskiya ne kuma cewa a ƙasashenmu ba ta yi ɓarnar da ta yi a Italiya ko Amurka ba. Alƙaluman hukuma a Nijar sun nuna mutuwar mutum ɗari uku da 'yan kai, ko da yake ba kowa aka gwada ba. Amma hannu mai datti bai daina kisa ba. A 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a jihar Maraɗi. A 2021, korona ba ta ma tafi ba, ta sake ɓarkewa a jihohi da dama na Nijar. Zawo yana ɗaukar yara ƙanana kowace damina, ba a shelarsa a rediyon duniya. Sabulun da yake lalata ƙwayar korona, shi ne yake wanke waɗannan daga hannu. Ke nan amfanin bokitin bai ƙare ba. Abin da ya ƙare shi ne tsoronmu.

Ba na zagin tsoro. Allah ne ya sa shi a cikinmu domin ya tsare mu, kuma a 2020 ya yi aikinsa. Sai dai tsoro wutar kara ne. Tana kamawa nan da nan, tana da haske, amma ba a dafa wake da ita. Abin da mutum ya fara domin yana tsoron mutuwarsa, ranar da ya ga ba zai mutu ba zai bari. Abin da ya fara domin akwai wani mai rauni kusa da shi, ba shi da ranar bari, gama mai raunin yana nan kowace Lahadi. Saboda haka bokitin da aka jefar yana faɗa mana wani abu game da zuciyarmu: wataƙila kanmu muke wanke wa hannu tun da fari, muna kiransa ƙaunar maƙwabci.

Manoman jihar Maraɗi sun ga irin wannan a gonakinsu. A farkon shekarun 1980, wani ɗan mishan daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya gane cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture, ya sare sauran, ya bar waɗannan su girma. Shi ne ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka yi. Da aka daina rabon, da yawa suka koma suka sare itatuwan. Yunwa ce ta sa su, yunwa kuma ta wuce. Amma akwai waɗanda suka ga itacen girki a kusa, da abincin dabbobi, da gonar da iska ba ta binne shukarta da rairayi, suka ci gaba ba tare da an biya su ba. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Bayan shekaru kamar 20, masu bincike suka ƙiyasta cewa aikin ya kai eka-eka har hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba injin, ba rijiya, wuƙa ce kawai da haƙurin maimaitawa kowace shekara.

Me ya sa wannan ya ɗore? Ba shi da tsada, mai gona ne da kansa yake yi, kuma ya shiga cikin aikin da dama ake yi kafin damina. A ganina duk wata ɗabi'a mai kyau da ba ta da waɗannan, da wuya ta wuce shekara guda, kome kyan niyyar masu ita.

Manzo Bulus ya san wannan. Sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima, bai ce a jira ya zo a yi gagarumin taron neman taimako ba. A 1 Korantiyawa 16 ya tsara cewa kowace ranar farko ta mako kowa ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa ya ajiye, domin kada a shiga tarawa bayan ya iso. Kaɗan, kowane mako, kowa da kowa, a ranar da dama ake taruwa. Mu tuna yadda 2020 ta same mu. Tun watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, kasuwannin Maraɗi da Ƙonni suna cikin wahala tun kafin cutar ta iso. Mai turin kura, da mai sayar da ƙosai a bakin makaranta, da ɗan kabu-kabu, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, yunwa ta fi cutar kusa da su. Ikkilisiyoyi sun yi ƙoƙari, an raba shinkafa da mai. Amma rabon da aka yi sau ɗaya ya ƙare a mako guda. Da a ce kowane gida ya saba, duk sa'ad da uwargida za ta auna geron daka ta ɗebi tafi ɗaya ta zuba a wata tukunya dabam, ta kai majami'a a ƙarshen wata, da ranar da aka rufe gari akwai rumbu a cike. Tafi ɗaya ba ya rage tuwon kowa. Zumuntar mata ta fi kowa iya wannan, gama su suka san adashi, su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya.

Akwai kuma yadda ake bayarwa. Dokar Musa ta ce wa mai gona kada ya girbe har gefe-gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zuba, ya bar wa matalauci da baƙo. Ta haka Rut ta yi kala a gonar Bo'aza. Abin da nake so a wannan doka shi ne, matalaucin ba ya tsayawa a layi ana ɗaukarsa hoto. Yana zuwa ya tsinta da hannunsa, ya tafi da mutuncinsa. A kasuwa, gefen gonarka shi ne ka daina matsa wa tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa sai ta rage maka dala biyar, alhali a kanti ba ka taɓa neman ragi ba. Shi ne ka kai ɗinkinka wurin telan unguwa. A 2020 teloli ne suka rufe mana baki da hanci da ragowar atamfa, takunkumin da ake wankewa a sake sawa, sa'ad da na kanti ya yi tsada kuma yana ƙarewa a cikin kwata.

Hausawa suna cewa zumunta a ƙafa take. Annoba ta ɗaure ƙafar, sai muka koyi cewa kiran waya na minti biyu yana iya kai gaisuwa. Waɗansu dattawan ikkilisiya sun raba sunayen tsofaffi da gwauraye a tsakaninsu, kowa da waɗanda zai riƙa tuntuɓa. Wannan ba shi da dalilin tsayawa. Tsohon da ba ya iya zuwa sujada saboda ciwon gwiwa yana cikin kulle tun kafin korona, yana ciki har yau. Kuma kada sunayen su tsaya a kan 'yan majami'a. Wajen shekara ta 250, wata babbar annoba ta shiga daular Roma. A Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, mutane suna gudu suna barin 'yan'uwansu a kan titi. Bishop Sifiriyan ya tara masu bi, waɗanda ba a daɗe da tsananta musu ba, ya gargaɗe su su yi jinyar kowa, har da waɗanda ba Kirista ba. Mu da muke zaune gida ɗaya ko katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi, muna shan rijiya ɗaya, ba ma bukatar dogon bayani. Cutar da ta shiga gidansu da safe tana gidanmu da yamma.

Kada in bar ku da zaton cewa ƙananan ɗabi'u za su maye gurbin asibiti, ko allurar rigakafi, ko famfon da ya kamata hukuma ta kawo unguwa. Ba za su maye ba. Kuma rashin adalci ne a tsaya a kan bagadi ana tsawata wa matar da take sayen ruwa jarka-jarka cewa ba ta wanke hannun 'ya'yanta sau goma a yini. Wanda ya ce mata ta wanke, sai ya tambayi kansa ko zai iya kai mata ruwan. Inda ruwa yake da wuya akwai dabara mai sauƙi. A sami jarka mai lita 5, a huda ɗan rami kusa da wuyanta da ƙusa mai zafi, a rataye ta a sanda tsakanin gwafa biyu. A ɗaura igiya daga wuyan jarkar zuwa wata sanda a ƙasa. In ka taka sandar, jarka ta karkata, ruwa ya zubo siriri, ba ka taɓa komai da hannu ba, lita 5 kuma za ta ishi mutane da yawa. A rataye sabulu da igiya a gefe. Ranar da babu, toka ta fi ruwa zalla. In an dasa zogale kusa da inda ruwan yake zuba, kafin shekara ta zagayo za a ci ganyensa.

Yaran makarantar Lahadi za su iya haɗa wannan a yini ɗaya. Wurin da abin yake mutuwa shi ne mako na shida, sa'ad da ruwa ya ƙare, kowa yana zaton wani zai cika. Don haka a taron dattawa mai zuwa, kada a tsaya a kan cewa abu ne mai kyau. A rubuta sunan wanda zai cika jarkar a watan nan da wanda zai karɓe shi a wata mai zuwa, a kuma sa kuɗin sabulu a cikin lissafin ma'aji, a layi ɗaya da kuɗin wutar lantarki da na batirin lasifika.